Ƙusa ta Uku a Takalmin Malam Sale

Jakar goyon da Usama, jikan yayata, ya kawo mini shekaranjiya, igiyar kafaɗarta ta dama ce ta ɓalle daga gindi. Da ita yake hawan duwatsun Ɗa'ifa shi da abokansa duk ƙarshen mako. Ya dire ta a kan tebur, ya ce mini da Larabci in ɗan soka mata allura, ai aikin minti biyar ne, in kuma ba za ta gyaru ba ya jefar ya sayi wata. Na ce ya goya ta tukuna, ya taka zuwa bakin lungu ya dawo. Ya yi dariya, amma ya yi. Da ya ba ni baya na ga abin da nake nema. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma gorar ruwansa kullum a aljihun dama take zama. In na mayar da igiyar yadda take, ba za ta yi wata biyu ba za ta sake ɓallewa a wuri ɗaya. Sai na farke shafin ciki, na ninka ƙyallen tanti na sa a bayan igiyar, na bi shi da ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya, sannan na cire aljihun gorar na mayar da shi tsakiyar baya. Aikin minti biyar ɗin ya cinye mana tun daga azahar har aka kira la'asar.

Haka kuke ganin sana'ar nan, ku yaran yanzu. Tsoho a zaune, da allura da zare, me ya fi wannan sauƙi? Ba na ganin laifinku. Kun taso kun tarar da kantuna cike da kaya, abu ya yage a jefar. To ku zauna ku ji.

Sunana Haruna. Na haura shekara arba'in a wannan ɗan dukkan, wato shago, da ke lungun bayan titin Mansur. Duk abin da mutum zai sa a jikinsa ko ya rataya don ya yi tafiyar ƙafa, shi nake gyarawa: takalma, huffi, bel ɗin harami, jakunkuna, laima, wandon da ya yi tsawo, abayar da ke jan ƙasa. Makka gari ne na masu tafiya. Daga masauki zuwa Harami, daga Mina zuwa wurin jifa, daga Arfa zuwa Muzdalifa, ko mai mota sai ya sauka ya taka. Ƙafar da ta saba da takalminta kuwa, ranar da za ta yi doguwar tafiya ba ranar ba ta sabo ba ce. Sabon takalmi sai ya ci ƙafa kafin ya san ta. Tsoho ya riga ya gama cin nasa rabon. Shi ya sa mai hankali yake kawo tsohon a gyara.

A hannun Baffa Idi na koya, ƙanin mahaifina. Shi da iyayena ne suka taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, suka ratsa Chadi, suka zauna a Sudan suna noman auduga har suka sami abin tsallaka ruwa. A can Sudan ɗin aka haife ni, da ƙuruciya aka shigo da ni nan. Baffa ba baduku ba ne a gida, hanya ce ta mai da shi. Takalminsa ya fara ɗinkewa, sannan na abokan tafiya, kafin su iso Makka ya zama gwani. Da aka kai ni wurinsa, watanni na yi bai ba ni basilla ba. Kujera ya ajiye mini a bakin ƙofa, ya ce in riƙa kallon ƙafafun masu wucewa. Da yamma sai ya ɗauko wani takalmi daga cikin tarin da aka kawo, ya juya ƙasansa, ya ce in faɗi yadda mai shi yake tafiya. Wannan yana jan ƙafar hagu. Wannan gwame ne. Wannan ɗan dako ne, dubi yadda gaba ya cinye dunduniya tana nan. Sai da na fara faɗa daidai sannan ya miƙo mini zare ya nuna mini yadda ake murza shi da kakin zuma.

Kayan aikin da kuke gani a tebur ɗin nan yawancinsu nasa ne. Ga basilla iri uku, ga mahuji mai ƙugiya a baki wanda yake shiga ya jawo zare ta ciki, ga wuƙar yankan fata da ta sha washi har ta rame, ga guduma, ga ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kifa takalmi a kai. Keken ɗinki ne kawai na saya da kaina, sai gam da nake sayowa gwangwani-gwangwani. Baffa yana da ƙa'ida biyu da ba ya ɗaga wa kowa. Ta farko, takalmin tafiya ɗinka shi ake yi, ba a buga masa ƙusa. Ƙusa ta dunduniyar takalmin ofis ce, wanda mai shi daga mota sai kujera. Ta biyu, kafin ka miƙa wa mutum takalminsa ka zura hannunka ciki har ƙarshe, ka shafa ko'ina. Abin da ya soki hannunka zai soki ƙafarsa.

Wani alhaji mutumin Katsina ya taɓa kawo mini takalminsa fade, hancin ya tsinke, ya ce in gyara amma kada zare ya taɓa shi, wai mai harami ba ya sa ɗinkakken abu. Na ce masa ni ba malami ba ne, amma abin da na ji daga malamai shi ne rigar da aka ɗinka daidai jiki ake nufi, ba takalmi ba. Ya ƙi. Sai na yanko tsirin fata, na huda ƙasan takalmin, na zura, na ƙulle ta ƙasa na nutsar da ƙullin cikin roba. Ya tafi yana murna, ya kuma aiko mini da mutum huɗu daga ɗakinsu. Irin wannan kullum ne a lokacin mausim, wato kwanakin Hajji. Wani yana son a yi wa bel ɗinsa aljihu na ciki saboda fasfo, sai in sa masa shafin leda don gumi kada ya jiƙa takarda. Mata su aiko da abaya a rage mata yatsa uku saboda matakalar lantarki tana kama ta. Laima kuwa, in ƙarfe ɗaya ya karye sai in ciro daga wata matacciya in dasa. A bayan dukkan ina da buhu guda na matattun laimomi da zif-zif da maɓallai. Ban taɓa jefar da zif mai kyau ba don jakarsa ta mutu.

Amma alhazai baƙi ne, su zo su tafi. Masu riƙe da sana'ar nan duk shekara su ne mutanen gari da ƙafa ce jarinsu: masu tallar ruwa, 'yan dako, masu shara, da masu tura tsofaffi da gajiyayyu a keken guragu, wanda a nan muke ce wa arabiyya. A cikinsu akwai Malam Sale.

Malam Sale mutumin Damagaram ne ta wajen iyaye, a unguwar Hindawiyya yake zaune. Dogo ne, ba ya da yawan magana, ya girme ni da shekara biyu ko uku. Turin arabiyya ita ce sana'arsa tun yana saurayi, da ita ya aurar da 'ya'ya. Fade ɗaya gare shi mai maɗauri a dunduniya, kuma shekara wajen ashirin ina sake masa ƙasa da robar tayar mota, ina sake maɗauri, har ya zama babu abin da ya rage na asali sai maɓallin ƙarfen. Yana da ciwon suga, kowa ya sani. Ya taɓa ce mini tafin ƙafarsa yanzu ji yake kamar ya sa safa mai kauri, ko tsakuwa ya taka ba ya ji sosai. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da aikina. Maganar ta shiga kunnena, ba ta shiga aikina ba.

A Hajjin da ta gabaci shekarar annoba, ranar bakwai ga wata, ya shigo mini da azahar. Zafi ake yi mai tsanani, dukkan a cike, mutane har waje kowa da abinsa a hannu. Takalminsa na hagu ya buɗe baki ta gaba, daidai ƙarƙashin babban yatsa. Ya ce washegari da safe zai bi wata tawaga zuwa Mina, ba zai sake samun zuwa ba. Gam yana son a bar shi ya sha iska, a haɗa, a danne shi ya kwana. Ɗinki kuma zai ci rabin sa'a, ga mutane suna jira. Sai na jawo gwangwanin ƙusoshi. Na kifa takalmin a kan ƙarfe na buga uku. Ita ƙusa in ta ratsa ta tarar da ƙarfe, bakinta yakan lanƙwashe ya kwanta, kuma mai sana'a yana ji a kunnensa in ta kwanta. Biyu sun kwanta. Ta uku ina ɗaga guduma wani ya miƙo laima ta saman kaina yana magana, na buga mata sau ɗaya, ƙarar ba ta yi mini daidai ba, amma na ce ai ta shiga. Na miƙa wa Malam Sale takalminsa. Ban zura hannu ba. Ya sa, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan Hajji da kamar kwana ashirin 'yarsa Hindatu ta zo. Ita ce ƙaramarsa, a nan aka haife ta, a wani kantin magani take aiki, kuma Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ba ta zauna ba. Ta fito da takalmin daga cikin leda ta ajiye a gabana.

"Ammi Haruna, sa hannunka a ciki," in ji ta.

Na sa. Kafin in kai ƙarshe abu ya soke ni a ɗan yatsan tsakiya. Na zaro hannu da ɗigon jini. Ta gaya mini kwana biyar mahaifinta ya yi yana turi a kan wannan ƙusar, tsakanin tantuna da wurin jifa, bai ji ba. Da ya ga jini a takalmin ya ɗauka bororo ne ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, don ya riga ya yi wa mutane alkawari. Bayan an sauko zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. A asibiti sun yanke babban yatsan da wanda ke kusa da shi. Ta faɗi wannan duka ba tare da ta ɗaga murya ba, ta bar mini takalmin ta fita.

Na rufe dukkan na tafi asibitin bayan la'asar. Na same shi a kwance, ƙafar a naɗe an ɗora ta a kan matashi. Na tsaya a gefen gado na gaya masa yadda aka yi, tun daga laimar da aka miƙo har hannun da ban zura ba. Ya saurara har na gama.

"Na sani, Hindatu ta nuna mini," ya ce. "Ƙusa taka ce, suga nawa ne, hukunci na Allah ne. Zauna mana, ka tsaya mini a ka."

Na zauna. Ya tambaye ni labarin mutanen lungu, na ba shi. Abin da ke raina a ranar ba shi na tara ku in gaya muku ba. Da na dawo na ɗauki gwangwanin ƙusoshin na kai wa kafinta maƙwabcina, na ce ya riƙe.

Ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Kafin ƙafar ta rufe sosai watanni sun shuɗe, sai kuma annobar korona ta sauka. Ku kun san ta a matsayin shekarar da kuka yi karatu a waya. Mu shekarar da aka daina tafiya ce. Aka dakatar da Umra, aka hana fita, titin Mansur da ba ya rabo da hayaniya ya zama ko kyanwa ta gitta sai ka ji. Takalmi ba ya cinyewa a ƙarƙashin gado. Na kwashe kayan aiki na kai gida, na zauna ina kallonsu. Keken ɗinki biyu gare ni a lokacin, na sayar da ɗaya. Da ɗayan muka riƙa ɗinka takunkumi ni da mai ɗakina, maƙwabta suna karɓa. Abokin sana'ata da ke gyaran jakunkuna a unguwar Ɗandabawi ya koma sayar da kayan miya, har yau bai dawo ba. Hajjin shekarar mutane kaɗan aka bari suka yi, babu wanda ya nemi mai gyaran bel, babu wanda ya nemi mai turi.

Da aka sassauta aka bar mu muka buɗe, wata safiya ina share ƙura sai ga Malam Sale da sanda, Hindatu a bayansa riƙe da kwalaye biyu. Ya shigo ya zauna a benci. Ita ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta gaishe ni ba. Sababbin takalma ne a kwalayen, ita ta saya masa, masu kyau kuwa. Na farko ya goge masa wurin yankan har ya yi ja. Na biyu yana da faɗi, amma da yake babu yatsun da za su riƙe, ƙafar sai ta riƙa zamewa gaba, yana tafiya kamar mai taka laka. Fade kuwa ya ƙare masa har abada, tunda babu yatsan da zai kama hanci. Ya ce so yake in gyara masa ɗaya daga ciki yadda zai koma turi in an buɗe Umra.

Hindatu ta yi magana daga inda take, da Larabci, da mahaifinta take yi ba da ni ba. Ta ce ta gaya masa tun a gida, ba ta yarda ba. Mutumin da ya jawo aka yanke yatsu biyu, shi za a sake miƙa wa sauran ukun? Gaskiya kuwa ta faɗa.

"Shekara ashirin yana kallon ƙafar nan," in ji Malam Sale. "Mai kanti lamba kawai ya sani. Kuma duk garin nan babu wanda zai ji tsoron ƙafata kamar shi."

Sai Hindatu ta kafa sharuɗɗa. Duk gwajin da za a yi tana wurin. Farar safa zai riƙa sawa don ko ɗigo ne a gani. Likitansa zai ga takalmin kafin ya fita da shi. Kuma ko ƙwayar ƙarfe ba za ta shiga ciki ba. Na ce na yarda da duka.

Na zaɓi mai faɗin, kambas ne mai igiya. Na fara da ƙafar, ba da takalmin ba. Na sa ya taka kwali na zagaye da fensir, yana zaune, sannan yana tsaye, don ƙafa tana buɗewa in nauyi ya hau ta. Na farke kambas ɗin na raba sama da ƙasa. Matsala uku ce a gabana. Ramin da yatsun suka bari sai an cike shi, in ba haka ba ƙafa za ta yi ta zamewa. Abin cikon kuma kada ya taɓa wurin yankan da ƙarfi. Sannan mutum da babban yatsa yake tunkuɗa ƙasa in zai ɗaga ƙafa, shi kuma ba shi da shi, don haka dole takalmin ya yi masa wannan aikin.

Cikon farko da soson katifa na yi. Ya taka sau goma ya lotse. Na biyu na yi da robar silifas, na manna uku na sassaƙa da wuƙa daidai siffar ramin, na lulluɓe da fatar ɗan akuya mai laushi. Don in san inda yake taɓawa, na aro janbakin mai ɗakina, Hindatu ta shafa a bakin tabon, ya zura ƙafar ba safa ya tsaya. Duk inda ja ya fito a jikin fatar, nan nake ƙara sassaƙewa. Da a ce mai jin zafi ne, da shi zai ce mini nan ne yake matsa ni. Shi ba zai iya ba. Janbaki ne bakinsa.

Ƙasan takalmin kuma ana son ya yi tauri kada ya lanƙwashe a gaba. Da a da ne, da tsohon zarton ƙarfe zan sa tsakanin roba da roba. An hana ni ƙarfe. Na yi kwana biyu ina gwada abubuwa, daga ƙarshe na yanko gefen jarkar Zamzam, na ninka biyu, na goge bakinsa har ya yi sumul, na binne shi a tsakiya. Sannan na ƙara roba a ƙasa na goge gabanta da dutsen washi ta yi tudu kamar gindin ƙwarya, yadda in ya taka dunduniya takalmin zai mirgina da shi gaba da kansa. Ɗinkin duka ta waje na bi da shi, babu ƙulli ko ɗaya a ciki. Na dama ma sai da na ƙara masa tsawo, don kada ɗaya ya fi ɗaya ya jawo masa ciwon ƙugu.

Gwajin farko ya je bakin lungu ya dawo sau biyu. Hindatu ta cire safar, ta duba, ta nuna mini da yatsa wani ɗan wuri da ya yi ja a saman ƙafar, bai kai ƙwayar wake ba. Aka dakata mako guda har jan ya baje, ni kuma na cire harshen takalmin na sake shi da mai laushi. A gwaji na biyu dunduniya ce ta riƙa fita, na ƙara maɗauri. Na uku ya yi, suka kai wa likita, ya ce a ƙara sakin wuri ta wajen ƙaramin yatsa. Na jiƙa wurin na cusa katako ya kwana biyu. Da babu annoba, da ban sami lokacin wannan aikin ba, gaskiya ke nan. Wata uku muka yi a kan takalmi ɗaya. A duk tsawon lokacin nan Hindatu ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗa sai ta gaya wa mahaifinta, ni kuma ina zaune ina ji.

Ya fara zuwa masallaci ba sanda. Daga baya ya riƙa tahowa daga Hindawiyya har dukkan a ƙafa. Ya kuma koma turi da aka buɗe, har yau yana yi, sai dai ya bar Mina ga matasa, kuma duk wata yana kawo takalmin in duba. Amma kafin a kai ga haka akwai gwaji ɗaya da ya rage, don tafiya daban, turi daban. Mai turi a kan gaban ƙafarsa yake dogara, musamman a hawa, wato daidai inda aka yanke.

Ranar ya zo da arabiyyarsa bayan la'asar. Ta daɗe a jingine, na sa mata mai a ƙafafu, na ɗinke mazauninta da ya fara yagewa. Ana bukatar nauyi a kai. Hindatu ta ce a aro buhun shinkafa a kantin da ke kusa. Malam Sale ya ce buhu ba ya motsi, alhaji kuwa yana juye-juye, yana waiwaye, yana neman jakarsa. Ya dube ni.

"Haruna, hau."

Na cire tabarau na ajiye, na hau. Lungunmu kun san shi, daga dukkan zuwa masallaci hawa ne. Ya kama ya fara turawa. Mai shayi ya leƙo yana tambaya ko lafiya, kafinta ya fito da guduma a hannu, wata tsohuwa ta tsaya tana yi mini addu'ar samun sauƙi. Ni dai kunnena yana baya. Duk rayuwata ta ido nake karanta tafiya, ranar ta kunne na karanta. Da farko taku ɗaya nauyi, ɗaya sauƙi, yana tausaya wa ta hagu. Wajen rabin hawan sai na ji sun fara daidaita. Da muka wuce masallaci ya ƙara sauri, ya bi da ni ta cikin masu sayar da abinci, ya kauce wa wata mota, ya zagayo ta ɗaya lungun. Numfashinsa kawai nake ji da ƙarar robar a kan kwalta, ɗaya bayan ɗaya, babu ja.

Da muka dawo ya zauna a benci yana share gumi. Hindatu ta durƙusa ta kwance igiyar, ta zare takalmin, ta ɗaga safar a haske ta juya ta ciki da waje. Fara tas. Ta kunna fitilar wayarta ta bi ƙafar tun daga dunduniya har tabon, ta danna nan da babban yatsanta, ta jira, ta danna can. Ta daɗe. Sannan ta ɗauki takalmin ta zura hannunta ciki har ƙarshe, ta shafa ko'ina. Ta mayar wa mahaifinta safarsa, ta sa masa takalmin ta ɗaure. Da ta miƙe sai ta juyo wajena, ta yi magana da Hausar nan tata mai nauyi.

"Sannu da aiki, Baba Haruna."

Na ce mata yauwa, sannunmu. A lokacin ne na lura ashe tun da muka dawo ban tashi daga kan arabiyyar ba. Malam Sale ya miƙe, ya zagayo, ya dafa kafaɗata yadda yake yi wa tsofaffin da yake kaiwa ƙofar Harami.

"Sauka, Alhaji," ya ce. "Mun iso."